Me Ke Hana Kwamfuta Tashi Bayan An Sa Mata Sabuwar Manhaja?

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan ta kan kwamfuta, bayan ta soma gwada tsarin a 2013. Abin da wannan ke nufi ga ɗalibin sakandare a Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Sanyinna, ko Kebbe da Kuchi, shi ne sanin darasi kaɗai bai wadatar ba, sai hannunsa ya saba da madannai da linzamin kwamfuta kafin ranar jarrabawa. Yaron da ya laƙanci ilmin halittu da na sinadarai, amma bai taɓa zama gaban allo ba, yakan ɓata wani ɓangare na lokacinsa wajen lalube. Saboda haka kowace kwamfuta guda da ke aiki a makaranta tana da daraja, kuma duk wadda aka jingine a sito aka lulluɓe da buhu asara ce ga aji sukutum.

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke isowa hannun makarantu da malamai a wannan yanki 'yan gwanjo ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka. Galibi suna zuwa ne da Windows 10 ko wadda ta girme ta. To, a ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗanta: tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ba ta amince da akasarin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da aka ƙera kafin 2017 ba. Wannan ya sa mai tsohuwar kwamfuta ya kan sake sa mata Windows ɗin da ta iya ɗauka, ko kuma ya koma ga Linux, babbar manhajar nan ta kyauta wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Daga cikin rassanta da suka fi sauƙi ga ɗan koyo akwai Ubuntu, da ta fara fitowa a 2004, da kuma Linux Mint ta 2006.

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da dukkan sauran manhajoji, kuma sa ta a kwamfuta ba aiki ne mai wuya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an gama. A cire filashi, a sake kunna na'ura, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ko ya tsaya cik kan tambarin kamfani, ko ya fito da wani ɗan rubutu na Turanci ya yi shiru. A nan ne ake yanke hukunci cewa kwamfuta ta mutu. Kai ta wurin mai gyara a Sakkwato tafiya ce ta kusan kilomita 100 daga Tambuwal, daga Kebbe kuwa abin ya fi haka, ga kuɗin mota ga kuɗin aiki. Alhali sau da yawa ba abin da ya ƙone a cikinta. Mataki guda ne ya tsinke daga cikin matakan tashinta, kuma alamar da ta nuna ta isa ta faɗi wane mataki ne.

Matakan tashi

Ƙwayar wake da aka shuka ba ta da ganyen da za ta sarrafa abinci da hasken rana, don haka da guzurin da ke cikin ɓarinta biyu take somawa, har saiwa ta kama ƙasa, ganye ya buɗe. Haka kwamfuta take. A lokacin da aka danna maɓallin kunnawa ba ta san da wata Windows ko Linux ba. Abin da take da shi ɗan guzuri ne, wato wata ƙaramar manhaja da kamfani ya dasa a cikin wani guntu a kan babban farantin lantarkinta. A tsofaffin na'urori sunanta BIOS, kuma tun daga kwamfutar IBM ta 1981 ake tafiya da ita. A sababbi an maye gurbinta da UEFI, ko da yake bakin mutane ya saba, har yanzu BIOS suke ce mata.

Wannan ƙaramar manhaja ita ce mataki na farko. Takan duba firosesa, da ram (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta), da madannai, da allo, sa'an nan ta nuna tambarin kamfani. A mataki na biyu sai ta nemi rumbun ajiya, ta nemo wani ɗan jagora da ke zaune a cikinsa. A Linux sunan jagoran GRUB, Windows kuwa tana da nata. A mataki na uku jagoran ya ɗauko ƙwayar babbar manhaja ya ɗora ta a ram, ya miƙa mata ragama. A na huɗu ƙwayar ta tayar da sassan na'ura ɗaya bayan ɗaya, ciki har da sashen da ke zana hoto a allo. Sai a ƙarshe ne ake ganin wurin sa kalmar sirri.

Ɗaliban ilmin halittu sun san hanyar tantance halitta ta tambayoyi masu amsa biyu: tana da ƙashin baya ko ba ta da shi? Idan tana da shi, tana da gashin tsuntsu ko babu? Kowace amsa tana jefar da rabin zato. Da wannan hanya ake bin kwamfutar da ta ƙi tashi. Tambaya ta farko: tambarin kamfani ya fito ko bai fito ba? Idan bai fito ba sam, matsalar tana mataki na farko, kuma ba ruwan sabuwar manhaja da ita, domin ba a ma kai gare ta ba. Sai a duba wuta, da wayar allo, da zaman ram a gurbinsa. Cire shi a goge a mayar yakan tayar da na'urar da aka fid da rai da ita. Wasu na'urori sukan yi kuka ɗan gajere ko su ƙyafta fitila sau wani adadi, kuma kowane kamfani yana da ma'anar da ya ba kowane adadi a littafin na'urar. Idan kuwa tambari ya fito, to zuciya da huhu lafiya lau, sai a ci gaba.

Idan ta kasa gano rumbunta

Saƙon da ke cewa “No bootable device” ko makamancinsa yana nufin mataki na biyu ne ya tsinke: an nemi jagora ba a same shi ba. Dalili mafi yawa shi ne saɓani tsakanin tsohon tsari da sabo. Tsohuwar BIOS tana neman jagora ne a farkon rumbu, a wani ɗan gurbi mai bait 512 kacal da ake kira MBR. Ita kuwa UEFI tana nemansa a wani keɓantaccen yanki na rumbun da aka tsara da tsarin GPT. Yawancin 'yan gwanjon da aka ƙera daga wajen 2012 zuwa gaba sun iya tsarin biyu, kuma a nan ruɗanin yake. Idan aka tayar da filashin sa manhaja ta tsohon tsari, jagora zai zauna a MBR. In na'urar kuwa an saita ta kan UEFI zalla, za ta je wancan yanki ta tarar wayam. Tamkar wanda aka ajiye wa saƙo a zaure ne, shi kuwa ya zagaya ta ƙofar baya yana cigiya.

Maganin shi ne a shiga shafin saitin BIOS tun kafin tambari ya wuce. A na'urorin Dell da F2 ake shiga, F12 kuma ta kawo jerin wuraren da za a iya tashi daga gare su. A na HP, F10 ce ta saiti, F9 ta jeri. A can za a ga ko na'urar tana kan UEFI ko kan Legacy, wato tsohon tsari. Ko dai a mayar da ita kan tsarin da aka sa manhajar da shi, ko kuma, wanda ya fi kyau, a sake sa manhajar ta tsarin UEFI. Manhajar Rufus da aka saba shirya filashi da ita tana tambaya tun farko ko GPT ake so ko MBR, kuma mutane da yawa suna wuce wannan tambaya ba su karanta ba.

Akwai kuma saitin yadda ake magana da rumbu. Na'urorin ofis da yawa suna zuwa a kan RAID, wanda kan hana mai sa Ubuntu ganin rumbun gaba ɗaya har sai an mayar da shi AHCI. Amma a yi hattara: idan akwai Windows a na'urar da aka sa ta a kan RAID, sauya saitin kai tsaye zai sa ita kuma ta ƙi tashi.

Wani abu ƙarami da ke jawo babbar wahala shi ne batirin agogo. A kan babban faranti akwai wani batiri mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, kuma shi ke riƙe kwanan wata, a na'urori da yawa har da saitin BIOS, a lokacin da babu wuta. Na'urar da ta shekara goma ta ishe shi ya ƙare. Alamarsa ita ce a gyara saiti yau kwamfuta ta tashi, gobe bayan an ɗauke wuta ta koma gidan jiya, kwanan watanta kuma ya koma wata tsohuwar shekara. Irinsa ake sa wa wasu makullan mota da ƙananan sikeli, kuma kuɗinsa bai kai na motar zuwa Sakkwato ba.

Ba kowane saɓanin agogo ne na batiri ba. Na'urar da ke ɗauke da Windows da Linux tare takan nuna ƙarfe 9 a Windows alhali ƙarfe 10 ne. Dalili kuwa Linux tana ajiye lokaci a agogon na'ura bisa agogon GMT, Windows kuma ta ɗauka agogon gida ne. Duk mai sauraron rediyo ya san tsakanin agogon GMT da na Nijeriya da Nijar awa guda ce.

Ido lafiya, gani babu

Yanzu ga matsalar da ta fi ruɗa mutane. Tambari ya fito, jagora ya fito ko ya wuce, tambarin Ubuntu ko na Windows ma ya ɗan bayyana, sa'an nan allo ya yi baƙi, fanka tana juyawa, fitila tana ci. Wannan mataki na huɗu ne, kuma kafin a fahimce shi sai an san yadda hoto ke zuwa allo.

Allon kwamfutar cinya ta talaka yana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato ɗigo 1,049,088. Kowane ɗigo haɗin haske uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma an zaɓi uku ne saboda a tantanin bayan idon ɗan Adam ƙwayoyin ganin launi iri uku ne. Dole a sake zana waɗannan ɗigo duka kamar sau 60 a kowace daƙiƙa. Aiki ne mai yawa, don haka aka keɓe masa sashe na musamman, katin hoto. A wasu na'urori yana haɗe cikin firosesa, a wasu kuma guntu ne mai zaman kansa. Kamfanoni uku ne suka mamaye ƙera shi: Intel, da AMD, da NVIDIA. Kowane kati yana da harshensa, kuma babbar manhaja ba ta jin wannan harshe sai ta hanyar wata ƙaramar manhaja da ake kira direba. Sunan matuƙin mota aka ba shi, amma aikinsa ya fi kama da na tafinta.

Likitoci sun san wata irin makanta da ido ba ya da laifi a cikinta. Hoto yana faɗawa kan tantanin ido daidai, ƙwayar ido tana tsukewa in an haska mata tocila, amma sashen ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, wanda ke fassara saƙon da jijiyar gani ta kawo, ya sami rauni. Wanda bai sani ba zai yi ta ɗiga magani a ido. Kwamfutar da allonta ya yi baƙi a mataki na huɗu irin wannan ce: allo lafiya, kati lafiya, mai fassara ne ya gaza. Sayen sabon allo ɗiga magani ne a ido.

Me ya sa hoto ke fitowa da farko sa'an nan ya ɓace? Domin a matakan farko BIOS ce ke zana hoto da wani sassauƙan harshe da kowane kati ke ji, kamar gaisuwar kasuwa da baƙo ke iya yi a kowane gari. Da ƙwayar manhaja ta tashi sai ta karɓi ragamar allo ta damƙa wa direba, don ya saita yawan ɗigo da saurin zane yadda ya dace. A daidai wannan miƙa ragama ne duhu ke faɗowa, idan direban bai san katin ba ko ya san shi rabi da rabi.

Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ke tabbatar da haka. A danna maɓallin Caps Lock: idan 'yar fitilarsa tana kunnuwa tana mutuwa, manhaja tana raye, gani ne kawai babu. A Linux a danna Ctrl da Alt da F3 tare. Idan baƙin shafi mai neman suna ya fito, to na'ura ta tashi sarai, sashen hoto ne ya maƙale. A kwamfutar cinya a haska tocilar waya a kan allo a duba ta gefe. Idan ana hango inuwar rubutu dishi-dishi, hoto yana nan, fitilar bayan allo ce ba ta ci. A kwamfutar tebur kuwa a leƙa baya, domin wadda ke da kati mai zaman kansa tana da mahaɗar allo biyu, ta faranti da ta kati, kuma sau da yawa waya tana maƙale a wadda ba ta aiki.

Idan an tabbatar direba ne, akwai kalma guda da ke buɗe ƙofa. A sake kunna na'ura, a riƙe Shift a tsohon tsari ko a daddanna Esc a UEFI har jerin GRUB ya fito. A danna harafin e. Za a ga layuka. A nemi wanda ya fara da kalmar linux, a je inda aka rubuta quiet splash, a ƙara nomodeset a bayansu, sa'an nan a danna F10. Ma'anar kalmar ita ce kada ƙwayar manhaja ta karɓi ragamar allo, a bar sassauƙan harshen BIOS ya ci gaba. Galibi sai ga hoto ya fito, ko da yake rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, bidiyo yana ja, hasken allo ba ya raguwa. Wanda ya goge quiet splash gaba ɗaya kuma zai ga rubutu yana gangarowa, kowane layi sashe guda da aka tayar, kuma layin da aka tsaya a kai shi ne wurin ciwo. Ya kamata a ɗauki hotonsa da waya.

Wannan gyara na tashi guda ne. Da an sake kunnawa ya ɓace. Wasu sukan rubuta kalmar ta zauna dindindin, su ce an gama. Wannan kuskure ne. Sanda ce da mai karaya ke dogarawa ya isa wurin maɗori, kuma barinta har abada yana hana direbobin Intel da AMD yin aikinsu, ya ɗora wa firosesa nauyin zane, na'ura ta riƙa zafi ba dalili. Abin da ake so shi ne a yi amfani da ita a shiga, a sa direban da ya dace, a jefar da ita.

Direbobin Intel da AMD suna cikin Linux tun asali, don haka da wuya su ba da wahala, sai dai idan na'urar ta fi manhajar sabunta, wanda maganinsa sa sabon fitowa ne. Rigimar ta fi yawa da NVIDIA. Shekara da shekaru kamfanin bai buɗe sirrin direbansa ba, har wasu masu sa kai suka rubuta nasu mai suna nouveau, ta hanyar lura da yadda katin ke amsa umurni, kamar yadda mai nazari ke gano aikin wata gaɓa ta hanyar gwaji. A 2022 kamfanin ya buɗe wani ɓangare, amma na sababbin katuna ne, bai shafi tsofaffin da ke cikin 'yan gwanjo ba. Su tsofaffin an bar su ne da tsofaffin jerin direbobi, irin su 340 da 390 da 470, kuma wanda ya ɗauko sabon direba fil ya sa wa tsohon kati, da zaton sabo ya fi, baƙin allo zai samu. Hanya mai aminci ita ce a bar manhaja ta zaɓa: a Ubuntu akwai Additional Drivers, a Linux Mint akwai Driver Manager, kuma dukkansu suna duba katin su nuna abin da ya dace da shi. Umurnin lspci kuma yana faɗin sunan katin daidai.

Wannan aiki yana buƙatar intanet, kuma direba yakan kai megabait ɗaruruwa. Abin haushi, na'urar da ba ta da direban hoto sau da yawa ba ta da na Wi-Fi. Mafita ita ce a haɗa wayar Android da kebul a buɗe raba intanet ta USB, wanda Linux ke ganewa ba tare da ƙarin direba ba.

Saura shinge guda. Tun zamanin Windows 8 a 2012 na'urori ke zuwa da Secure Boot, wani mai gadi a cikin UEFI da ba ya barin manhajar da ba ta da sa hannun da ya sani. Idan direban da aka sa ba ya da irin wannan sa hannu, mai sa shi zai nemi a ƙirƙiri kalmar sirri, kuma a tashi na gaba wani shuɗin shafi zai fito da zaɓin Enroll MOK. Mutane da yawa sukan tsorata su wuce shi, direba kuma ya zauna a rumbu ba a bar shi ya yi aiki ba. A zaɓi wannan layi, a sa kalmar, shi ke nan. Ana iya kashe Secure Boot ɗin ma, amma idan akwai Windows da aka kulle rumbunta da BitLocker, taɓa wannan saiti zai iya sa ta nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda mai sayen gwanjo da wuya yake da shi.

A gaskiya, ga kwamfutar da za a koyi buga rubutu da gwajin tambayoyin JAMB a kanta, ba a buƙatar ƙarfin NVIDIA. Kwamfutocin cinya da yawa suna da kati biyu, na Intel don aikin yau da kullum da na NVIDIA don aiki mai nauyi. In ana iya zaɓar na Intel kaɗai, ya wadatar, ya fi sanyi, ya fi kuma tattalin batiri. Haka nan idan nouveau yana nuna hoto lafiya, a ƙyale shi. Idan kuwa na'ura ta daɗe tana aiki sai bayan sabunta manhaja ta makance, a shiga Advanced options a jerin GRUB a zaɓi tsohuwar ƙwaya, domin Ubuntu takan ajiye ta baya saboda irin wannan rana.

Windows ma ba ta tsira ba. Bayan sa ta, idan ba ta san katin ba, takan yi amfani da direban wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda shi ne takwaran nomodeset. Daga baya sai ta ɗauko direba da kanta daga intanet, kuma wani lokaci a nan allo ke duhu. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare yana sake tayar da direban. In bai yi ba, a kashe na'ura da ƙarfi tana tsakiyar tashi sau biyu ko uku, za ta kawo shafin gyara, daga nan a shiga Safe Mode, a cire direban ta Device Manager, a sa wanda kamfanin da ya ƙera na'urar ya tanada wa wannan samfuri.

Zafi, ƙura da wuta

Duk abin da ya gabata ya shafi manhaja, amma kudancin Sakkwato yana da nasa sharuɗɗa. A watannin bazara zafi yakan haura digiri 40, ga ƙurar da hunturu ya riga ya cusa a fanka da ramukan iska. Firosesa da katin hoto suna da ma'aunin zafi, kuma in suka doshi digiri 100 sukan rage gudu ko su kashe na'ura don kare kansu. Sa babbar manhaja aiki ne mai nauyi na tsawon lokaci, don haka shi ke tona asirin na'urar da ta daɗe tana fama a ɓoye, sai a ɗora wa Linux ko Windows laifi.

Bambance su ba wuya. Matsalar direba tana da alƙawari: wuri ɗaya take faruwa, a daƙiƙa ɗaya, da safe ko da rana. Ta zafi kuwa ba ta da tsayayyen lokaci. Na'ura ta yi awa biyu da sanyin asuba, da azahar ta mutu cikin minti goma. Idan kuma layuka masu launi ko ɗigo-ɗigo suka bayyana tun a kan tambarin kamfani, kafin a kai ga kowane direba, to kati ko allo ne ya lalace, kuma wannan ita ce na'urar da ta cancanci tafiya Sakkwato.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana barin manhaja rabi a rubuce, kuma batirin 'yar gwanjo ba abin dogaro ba ne. A yi aikin a kan sola ko janareto mai isasshen mai, da sanyin safiya. Shi kansa filashin abin tuhuma ne. Fayil ɗin Ubuntu ya doshi gigabait 6, kuma ɗauko shi da intanet mai yankewa yakan bar shi da giɓi. Masu manhajar suna buga wata doguwar lamba mai suna SHA256 tare da kowane fayil. In an lissafa ta wanda aka ɗauko ba ta yi daidai da tasu ba, fayil ɗin ya gurɓata, kuma duk na'urar da aka sa wa shi za ta nuna wata cuta tata dabam.

A ɗakin gwaji, mai son sanin tasirin haske a kan tsiro ba ya sauya ruwa da taki a lokaci guda. Malami ko ɗalibin da ke bin kwamfuta ya sauya saiti guda, ya sake kunnawa, ya rubuta abin da ya gani a littafi: samfurin na'ura, sunan kati, saitin da ya tarar, da wanda ya mayar. Makarantu sukan sami na'urori iri ɗaya a tare, don haka shafi guda na littafin zai iya tayar da sauran 'yan uwanta duka, ko da malamin da ya rubuta shi an yi masa canjin wurin aiki.

Filashin Ubuntu da na Linux Mint suna da wata dama da ba a cika amfani da ita ba: ana iya tayar da manhajar daga kansu a gwada ta ba tare da an taɓa rumbu ba. A nan za a ga ko hoto ya fito daidai, ko sauti da Wi-Fi suna aiki, tun Windows ɗin da ke ciki tana nan lafiya. Idan allo ya yi duhu a gwajin, jerin farko yana da zaɓin safe graphics a Ubuntu, ko compatibility mode a Mint, kuma wanda sai da shi ya ga hoto ya riga ya san zai buƙaci intanet da kebul ɗin waya a kusa kafin ya danna maɓallin sa manhajar. Kafin nan kuma a kwashe sakamakon jarrabawa da rajistar ɗalibai a wani filashi dabam, domin zaɓin da ke cewa a goge rumbu ba ya tambaya sau uku.